Iskar da Malam Ya Roƙa

Daminar nan da muke ciki ita ce ta goma sha bakwai tun da Allah ya karɓi ran maigidana. Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa zan fara yau a jarida ba. Malam nake ce masa, mutanen Rano kuma suna ce masa Kuku, don ya yi wa wasu Turawa girki a wajen Tiga tun kafin a kai ni gidansa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa shinkafa da wake in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru ba. Bana shirun ya gagare ni. Akwai kalmar da na ji da kunnena ranar da ya rasu, na kuma fassara ta da bakina, sai bana na gane abin da na yi. Ku yi haƙuri da ni, ni mai dogon zance ce, amma ina roƙon duk mai hura gawayi a gidansa ya bi ni har ƙarshe.

Da Turawan nan za su tafi, ɗaya daga cikinsu ya bar wa Malam tukunyar da yake gasa nama a ciki. Baƙa ce, zagayayya, kamar ka kifa ƙwarya a kan ƙwarya ka ɗora su a kan ƙafa uku, biyu daga ciki da taya. A ƙasa akwai ragar da ake zuba gawayi, a sama ragar nama, sai 'yan huji-huji a gindinta da kan murfin, da wani ɗan faifan ƙarfe da ake murzawa a buɗe su ko a rufe. Malam ya raɗa mata suna Mai Hula, saboda murfin. Da ita muka ci, da ita muka yi sutura. Suna ne, biki ne, walimar sauka ce, sai a aiko da kaji ko cinyar rago a ce a ba Kuku. Kazar Mai Hula ba ta ƙonewa, ba ta bushewa. Ka ja cinya ta biyo ka ba gardama.

Ni ba ya barina in taɓa ta. In na leƙo sai ya ce, "'Yar Kahu, matsa can. Ku a garinku ai fara kuka iya gasawa." In ce, "Farar ce ta raine ni har ka gan ni ka rikice." Ya yi ta dariya yana ƙwanƙwasa murfin da awartaki. Abu ɗaya ne ya haɗa mu faɗa na gaske: fito. In yana gashi bakinsa ba ya hutawa da fito, ni kuwa an raine ni a kan cewa fito kiran iskoki ne. Na yi magana har na gaji. Ku riƙe wannan, don shi ya fara karkata mini kunne.

Ranar da abin ya faru ana ta marka tun hantsi, ruwan nan da ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. An kawo masa kajin suna, dole a gasa su kafin magariba. Sai ya ja Mai Hula ya shigar da ita wani ɗan ɗaki da ke jikin zaurenmu, inda muke ajiye hatsi. Tagarsa ɗaya ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Feshin ruwa yana shiga ta nan yana jiƙa buhunan dawa, sai na ɗauko tsohon buhu na cusa a tagar, na danna shi sosai. Shi kuma ya ja ƙyaure saboda kajin gida da awaki. Na koma ɗaki ina jin fitonsa, ina tsaki.

Bayan la'asar na dama masa fura na kai. Na tura ƙyauren, na same shi zaune a ƙasa ya jingina da buhu, ido a buɗe. Ba hayaƙi a ɗakin, ko kaɗan. Garwashi ya yi ja, ba abin da ke tashi sai ƙamshin kaza. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ɗaga hannu kamar zai kama wani abu, hannun ya faɗo. Ya yunƙura ya tashi, ƙafafu suka ƙi. Ya dube ni ya ce, "Kaina." Can kuma, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Iska. Iska."

Na saki ƙwaryar furar na fita ina ihu: "Jama'a, ku zo! Iska ta buge Malam! Da bakinsa ya faɗa!"

Wadda ta fara shigowa Goggo Ladi ce, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Ta ce kar a kuskura a fitar da shi, wanda iska ta buge ba a tsallaka bakin ƙofa da shi, balle cikin ruwa. A rufe ƙyauren, a kawo kasko. Da awartakinsa aka ɗebi garwashi daga cikin Mai Hula, aka barbaɗa habbatus sauda da ɓawon tafarnuwa, aka lulluɓe shi da bargo shi da kaskon, don turaren ya ratsa shi. Ni na riƙe gefen bargon. Ba a jima ba kaina ya fara sara, wata maƙwabciya ta fita tana amai. Muka ce kun gani, mai ƙarfi ce, har mu tana taɓawa. Limamin unguwarmu da aka aika a kira, yana shigowa ya ce, "Ku buɗe ƙofar nan, ni kaina numfashina ya sarƙe." Aka buɗe, aka yaye bargon. Kafin a kira magariba Malam ya cika.

Daga ranar ba wanda ya yi tantama, ni ce ma kan gaba. Mutum lafiyayye, ba ciwo ba tari, mai fito, ga tukunyar da ba wanda ya san inda ta fito kafin ta zo hannunsa, ga kuma shaidar bakinsa. Na sa kwaɗo a ɗakin nan na jefa makullin a ƙasan adaka. Mai Hula kuwa na sa aka ɗora ta a amalanke aka kai ta Kahu, aka jefa a wani tsohon rumbu a gidan wana. Sau biyu 'yan gwangwan suna zuwa za su saya, na aika na ce a'a. Ba don ina son ta ba, sai don tsoron kar in tura wa ɗan wani abin da ya cinye mini miji. Shekara goma sha bakwai, ko wucewa zan yi ta gaban ɗakin nan sai na yi bisimilla na ɗauke kai.

Wani lokaci nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo Rano ta yau, me zai ce? Da ya ga matan aure suna girki da tukunyar gas, na san sai ya ce abincin ba shi da uwa ba shi da uba. Da ya ga buhun gawayi ya zama abin da ake ciniki ana rantsuwa, da ya tambayi ina itatuwan da muka sani a hanyar Kibiya suka tafi. Da kuma ya ga samari sun jera a bakin titi suna babbaka kaza a buɗe, ƙura tana sauka, mashin yana feso musu hayaƙi, da ya kama baki. Amma abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, me zai ce da ni.

Autana, wanda mahaifinsa ya bari yana shekara tara, yanzu magidanci ne, matarsa da tsohon ciki. Acaɓa yake yi, tsadar mai ta sa sana'ar ta zama wahala kawai. Farkon daminar nan ya je Kahu taya kawunsa shuka, sai ga shi ya dawo da a-daidaita-sahu, an ɗaure wani abu a baya da igiya. Tun kafin a sauke na gane sautinta. Ƙafa ɗaya ta karye, tana bugun murfin, ƙwal, ƙwal. Mai Hula ce.

Na ce, "Auta, mayar da ita inda ka ɗauko ta."

Ya ce, "Inna, ƙarfe ne fa. Ƙarfe da tsatsa."

"Ubanka ma haka ya ce."

"Da ita Baba ya ciyar da mu. Ni ma ga baki yana zuwa. Ko so kike jikanki ya zo ya tarar da ni ina tura mashin ba mai?"

Na yi kuka, na yi fushi, na kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa da kyau. Na karɓo ruwan tofi na yayyafa mata yana masallaci. Da na ga ba zai bari ba, sai na kafa masa sharaɗi ɗaya: ko sama za ta faɗo, ba za ta ƙara shiga ɗakin nan ba. Ya ce ya ji, ya yi alkawari.

A tsakar gida ya yi aikin, ina daga bakin ƙofata ina tsintar shinkafa, ina satar kallo. Ciki duk gidan zanzaro ne da kashin ɓera, hujin nan duk sun toshe da laka. Ya kankare da buroshin waya, ya bi da sanfefa. Wurin da tsohon shafenta bai fashe ba, yana gogewa sai ga baƙin nan mai santsi ya fito yana ƙyalli kamar jiya aka ajiye ta. Ragar nama ta yi jawur da tsatsa, yana ta fama da ita da omo. Na daure, na daure, bakina ya ƙi. Na ce, "Kai, ba haka ake yi ba. Jiƙa ta a ruwan tsamiya ta kwana, gobe ka dirje da yashi da toka, ka shanya, ka shafe ta da man gyaɗa ka ƙona." Ya ce, "Ashe Inna kina kallo." Na ce, "Ba kallo nake ba, hannunka ne ba ya jin magana." Mariƙin murfin na katako gara ta cinye, ya sassaƙa wani daga ƙotar tsohuwar fartanya. Taya kuma ya ciro daga wani mataccen keken yara.

Sauran aikin na wuta ne, sai ya kai wa Malam Garba mai walda, abokin mahaifinsa, wanda asalinsu maƙera ne. Shi ya yanka bututun ƙarfe ya yi mata sabuwar ƙafa, ya kuma dawo da ita da kansa. Suka zauna a zaure, ni ina bayan katanga ina wanke-wanke. Ni dai ba na fita, amma abin da aka faɗa a zaurena bai taɓa wuce ni ba.

Na ji Auta yana cewa, "Baba Garba, ai ba ka gama ba. Ga huji nan a gindinta har uku, ka manta ba ka lilliƙe ba."

Malam Garba ya yi dariya har da tari. "Kai ɗan Kuku ne kuwa? Ka ɗauka bokitin wanka ce? Hancinta ke nan, ja'iri. Ta nan take shaƙar iska. Ka toshe, wutarka ta mutu." Na ji yana murza faifan nan, ƙiii, ƙiii. Ya ce, "Gawayi ba abin da yake ci kamar iska. Ka taɓa ganin maƙera mai ƙyaure? Kakanninmu ba wawaye ba ne da suke barin ta a buɗe ko ana ruwa. In ka kulle kanka da gawayi, ya cinye iskar ɗakin, sai ya koma kan ta ƙirjinka. Kuma ba sallama yake yi ba."

Daidai nan wayar Auta ta yi ƙara, ya tashi yana "Alo, alo," maganar ta bi ta bayan kunnensa. Ni kuwa ta shiga nawa. Na tsaya da kwano a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata. Kalmar nan da na shekara goma sha bakwai ina jin ta da fuska ɗaya, sai na ji ta juyo mini da wata. Na yi maza na ce a'uzubillahi, na ci gaba da wanke-wanke. Da ina tsoron a ce iska ce ta kashe Malam. Daga ranar na koma tsoron a ce ba ita ba ce. Ban gaya wa kowa ba. Da wane baki?

Sati uku da suka wuce aka kawo wa Auta aikinsa na farko, kajin walimar aure daga Madachi. Ya hura gawayi a tsakar gida da azahar, sai hadari ya haɗo, aka fara marka. Ya leƙo ɗakina ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, ba ɗakin Baba zan shiga ba. Zaure zan ja ta." Wallahi sai na ji sanyi a raina, na ce Allah ya yi maka albarka. Kun ga har lokacin ɗakin nake tsoro. Ban san ya rufe ƙofar waje saboda feshi ba, ya kuma rataya tamfol a ƙofar ciki.

Matarsa tana gidansu, ni kaɗai ce a cikin gida. Ina zaune ina ɓarar gyaɗa, ina jin sa yana fito. Fiton ubansa sak, har da ƙwanƙwasa murfi, ba wanda ya koya masa. Ina jin haushi, ina kuma jin daɗi. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Abin da na sani shi ne, na ɗago kai na ji ruwa kawai. Ba fito, ba ƙarar awartaki. Na ce, "Auta?" Shiru. Na ƙara da ƙarfi. Shiru.

Ban nemi takalmi ba. Na yaye tamfol ɗin, ɗumi da ƙamshin kaza suka doke ni, irin na waccan ranar, ba hayaƙi ko kaɗan. Yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, ido a buɗe, hannu a yashe. Na durƙusa na kama fuskarsa. Leɓensa ya motsa. Ya ce, "Inna... iska."

Ihun da na yi shi ya kawo Goggo Ladi, tana dogara sanda, ta shigo ta ƙofar da ke tsakanin gidajenmu. Tana ganinsa ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ta dawo! Na gaya miki kar ki bar tukunyar nan ta kwana a gidan nan. Kar ki taɓa shi! Saki tamfol ɗin, bari in kawo kasko."

Ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna ya kai kan tamfol ɗin. Tsoro bai san wata hanya ba sai wadda ya saba. In na fitar da shi alhali iska ce, na kashe ɗana. In na bar shi alhali ba ita ba ce, na kashe shi. Sai na ji muryar Malam Garba a kunnena, tar, kamar yana zaune a wurin: ka taɓa ganin maƙera mai ƙyaure?

Na zare sakatar ƙofar waje na banka ta. Na kama Auta ta hammata. Ni da ba na iya ɗaga cikakken bokiti sai an taya ni, na ja ƙaton namiji na tsallaka bakin ƙofa da shi, Goggo tana ihu tana cewa na haukace. Na kwantar da shi a tsakiyar layi, cikin taɓo, ruwa yana dukan fuskarsa, ni ba mayafi ba ɗankwali, a unguwar da wasu ba su taɓa ganin fuskata ba. Ina ta fifita shi da gefen zanena ina cewa, "Ga ta nan, shaƙa. Ga ta nan." Can ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari, ya juya ya yi amai.

Wani mai a-daidaita-sahu ya kwashe mu zuwa asibiti. Aka sa masa abin shaƙar iska a hanci. Wata nas, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta tambayi wa ya fito da shi. Na ce ni. Ta ce, "Mama, kin kyauta. Gawayi yana fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta. A rufaffen wuri sai ta kashe wa mutum jiki yana ji yana gani. Da an ƙara jinkiri, da wani zancen ake." Na ce, "'Yata, in tambaye ki. Wanda wannan abu ya kama, in aka rufe ƙofa, aka lulluɓe shi da bargo, aka sa masa garwashi da turare fa?" Ta dube ni ta ce, "Ai an ƙarasa shi ke nan, Mama." Na nemi kujera ban gani ba, na zauna a ƙasa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban ce babu iskoki a duniya ba. Ban kuma riƙe Goggo Ladi a zuciya ba, abin da ta gada ta yi, da ƙauna ta yi shi. Ni ce na cusa buhu a taga. Ni ce na ji kalmar, ni da ake yabo da kunne, na fita da ita waje na ba ta wata ma'ana. Mutumin nan numfashi yake roƙona, ƙofa tana bayana, taku biyu. Na gaya wa Auta duka bayan an sallame shi. Ya ce, "Inna, ni dai da na faɗa, kin ji." Da wannan nake lallaɓa zuciyata in ta tashi.

To me ya rage na Malam? Kayansa an raba tun tuni, masu kiransa Kuku suna ta ƙarewa. Amma Mai Hula tana nan a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kwano mai ƙafa huɗu wadda Malam Garba ya kafa, ba bango ko ɗaya, kuma ya rantse in ya ga an kewaye ta ko da zana ne sai ya rushe. Fiton yana nan, ban kuma ƙara yi masa tsaki ba, shi nake kasa kunne in ji. Ran nan Auta ya aiko mini da cinya, na ja ta biyo ni ba gardama, na ci ina hawaye. Har yanzu in na ji hadari, sai na aika gida-gida a layinmu a duba ko wani ya shiga ɗaki da kurfotin gawayi. Suna cewa tsufa ya kama ni. Su faɗa.

Jiya da hantsi na zazzage adaka na samo makullin. Kwaɗon ya ƙi, sai da na ɗiga masa man gyaɗa. Ɗakin yana nan yadda muka bar shi, har kaskon a gefe. Buhun ma yana nan a taga, ya ruɓe, ya zama gidan gizo-gizo. Na taka turmi na kama shi, ya biyo hannuna guntu-guntu. Da na cire na ƙarshe, sai wata iska mai sanyi, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta shigo ta taɓa mini fuska.

Na ce, "Malam, ga abin da ka roƙa. Na kawo a makare."

Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya buɗe masa taga zuwa Aljanna, ni kuma ya yafe mini. Ƙofar ɗakin na bar ta a buɗe.